Shekarar da Na Yi wa Alƙur'anin Malam Zayyana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ara mini kwana har na ga jikokina da nasu 'ya'yan. Abin da zan faɗa a nan na shekara ɗaya ne tak, shekarar da ruwan Tiga ya ci garinmu. Na daɗe ina jin maganar shekarar nan tana yawo a bakinku, kowa da irin tasa, kuma na san a gidan kawunku Bala kuka tsinto mafi yawanta. Ana cewa babanku ya zaunar da ni ina yi masa aikinsa yana karɓar yabo, ya kuma ba da babbar yayarku riƙo don kada ta hana ni aikin. Shi yanzu ƙasa ta rufe masa ido, ba zai iya ba da amsa ba. Ni da aka yi komai a gabana, bari in gaya muku yadda aka yi.

Garinmu na asali Kwarin Ɗinya ne, a bakin kogi, kudu da Bebeji. Ƙaramin gari ne mai fadama, ga rake ga albasa ga mangwaro. Can aka kawo ni gidan Malam babanku daga tsallaken kogi inda iyayena suke. Tun kafin a kai ni ya riga ya zama gwani, ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, kuma mutane daga Kiru da Tudun Wada suna zuwa takanas su sa shi ya rubuta musu. Baƙaƙen rubutunsa manya ne masu kauri, tsohon da idonsa ya fara rauni ma yana karanta su ba sai ya sunkuya ba. Shi ke rubutu, shi ke wasali, shi ke zayyana, ba ya ba kowa. Nawa aikin shi ne tawada. Ni nake jiƙa bagaruwa da kashin maƙera in dafa, in tace da tsumma, in sa ƙaro har ta yi danƙo daidai yadda yake so. Ja daga karan dafi nake fitar masa, rawaya daga gangamau, kore kuwa in galurar Kano ta ƙare sai in haɗa shuni da rawaya. Idan na gama sai in koma kan sana'ata, saƙar faifai da rinanniyar kaba, wadda da ita matan garin suka san ni. Lokacin 'ya'yanmu biyu, Uwani, wadda muke kira haka saboda sunan Iya kakarku, mahaifiyar Malam, ta ci, da Sani yana goye.

Da aka fara maganar za a datse kogi a Tiga, ba wanda ya yarda. Sai da muka ga ma'aikata suna kafa turaku masu jan fenti a gonaki, har bayan maƙabarta, sannan jikin kowa ya yi sanyi. Mai gari ya tara maza ya shaida musu ruwa zai rufe garin gaba ɗaya, an kuma ware mana wuri a kan tudu. A ranar ne Liman ya biyo Malam har zaure. Tsoho ne, tare suka yi karatu da mahaifin Malam, don haka Baba yake ce masa. Ina daga ciki ina jin su.

"Gwani," in ji Liman, "masallacin nan ba zai ɗauku ba. Iyayenmu da ke kwance a bayan gari su ma ba za su ɗauku ba. Ina so mu tashi da abu ɗaya da aka yi shi a ƙasar nan, da ruwan rijiyar nan. Ka rubuta mana Alƙur'ani kafin mu tafi, mu buɗe sabon masallaci da shi a azumi mai zuwa."

Malam ya ce, "In Allah Ya yarda, Baba. Daga gobe zan fere alƙalami."

Haka ya duƙufa. Mutane na kwance rumbuna suna cire ƙyamaren ƙofa, shi yana kan buzunsa daga hantsi har la'asar, kurtun tawada a gefe, yana rubutu leɓensa na motsi. Ya gama rubutun baƙi kaf a Kwarin Ɗinya kafin motocin kwasar kaya su iso. Ranar tashi bai yarda a sa takardun a cikin kaya ba, ya naɗe su a fata ya rungume a ƙirji har muka sauka. Wurin da aka ba mu tsakuwa ce da jar ƙasa, ba bishiyar da mutum zai fake a ƙarƙashinta. Iyayena kuwa ba su biyo mu ba. Su da Yaya Bala suka nufi ƙasar Doguwa, kusa da dajin Falgore, inda danginmu na wajen uba ke da gonaki. Da can in na so ganin Inna sai in tsallaka kogi da ƙafa in dawo kafin azahar. Yanzu ta yi mini nisan da sai an shiga mota.

A sabon gari Malam ya yi wasali a cikin bukkar zana, ya bi kowane baƙi da jar tawada har ya kammala. Saura zayyana kawai. Ku da kuka tashi da Alƙur'anin bugu ba lallai ku gane nauyin wannan ba. Wanda aka rubuta da hannu, marubuci yana barin gurbi fari a ƙarshen kowace aya, da gefen takarda inda alamar sumuni da rubu'i da izu za ta zauna, da inda ake sujada. Yana kuma barin fili babba a wurare huɗu, farkon Baƙara da A'arafi da Maryam da Sad, inda ake cika takarda da zane. Da waɗannan alamomi mai karatu yake gane inda ya tsaya da inda zai ɗora. Idan babu su, ba wanda zai ce an gama Alƙur'ani, kuma ba limamin da zai buɗe shi a gaban jama'a.

Gab da faɗuwar damina ana rufin ɗakin Iya, Malam ya tashi ya kama wa maza ɗaga azara. Na hana shi, Iya ta hana shi, ya ce ba zai zauna wasu na rufa wa mahaifiyarsa ɗaki ba. Azara ta kuɓuce wa na sama ta danne masa hannun dama a jikin bango. Ban ji ihunsa ba, salatin mutane na ji. Aka ɗauko maɗori daga wajen Kiru ya yi iya yinsa, ƙashi ya kama, amma da aka kwance karan ɗori sai yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa. Ya ɗauki alƙalami, alƙalami ya faɗi. Ya sake ɗauka ya sake faɗuwa. Ya mayar da takardun cikin fata ya ɗaure da hagu da haƙori, ya rataye a jikin bango.

Daga ranar maganarsa ta ɗauke. Mutumin da ba ya cin tuwo sai ya tsokani Iya, ba ya wuce Uwani sai ya ja mata kunne, ya koma daga "to" sai "a'a". Da safe ya fita bakin tudu ya zauna yana kallon ruwa yana hawa, har ranar da ba a ganin komai na Kwarin Ɗinya sai kan rimin kasuwa. Abinci in an ajiye masa sai ya taɓa ya ture. Na fi tsoron shirun nan a kan hannun, don na ga yadda yake zaizaye shi.

Iya ce ta fara kawo maganar. Wata rana da hantsi ina saƙa a tsakar gida, ta ja tabarma ta zauna kusa da ni, ta ɗauki wani faifai da na gama tana jujjuya shi. Ta daɗe tana kallo.

"Saude," ta ce, "wannan zagayen da kike yi, ja a ciki, rawaya a waje, kina auna shi ne?"

Na ce, "A'a, Iya, ido ne kawai."

"To mene ne bambancinsa da abin da Gwani yake zanawa a gefen takarda?"

Na ce, "Haba Iya, wancan fa littafin Allah ne."

"Na sani. Ke ba baiwar Allah ba ce? Ba a gaban mahaifinki kika yi karatu har kusan rabi ba? Tawadar da aka rubuta shi da ita wa ya dafa?"

Ita ta je ta sami Malam da maganar, ban san me ta ce masa ba, na dai ga ya dawo daga bakin tudu da wuri. Ya ɗauko wata tsohuwar takarda da ba rubutu a kanta, da ƙarfen nan mai ƙafa biyu da yake fitar da da'ira, ya ajiye a gabana ya ce in gwada. Abin da na zana a ranar ko yaro ba zai yi shi ba. Hannun da ya saba da kaba da basilla bai san laushin alƙalami ba, in na danna tawada ta malale, in na sassauta ta ƙi fita. Ya duba ya kau da kai. Washegari ya sake kawo takardar. Da na sake ɓatawa sai na ji ya daka mini tsawa.

"Ba haka ake riƙewa ba! Wa ya ce ki shaƙe shi? Ki kwantar da gefen hannunki, ki ja numfashi ki riƙe, sannan ki ja layi. Sake!"

Ina jin Iya daga madafa tana cewa, "Alhamdu lillahi, Gwani ya fara faɗa." Ni kuwa hawaye ya cika mini ido, rabi na haushi rabi na murna, don rabon da in ji muryarsa ta tashi haka tun ranar azara.

Sai da hannuna ya fara faɗawa sannan ya je ya sami Liman. Maganar ta riga ta fita gari, wasu maza suna gunaguni wai ba a taɓa jin mace ta sa hannu a irin wannan aiki ba. Liman ya zo da kansa, ya yi sallama, Iya ta shimfiɗa masa buzu a tsakar gida. Na durƙusa na gaishe shi. Ya karɓi takardun gwajin ya kai su kusa da idonsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sa ni na karanta masa farkon Baƙara.

"'Yar nan," ya ce, "ki riƙe alwala duk lokacin da za ki taɓa shi. Ranakun da ba kya salla ki ajiye. Bayan wannan ni ban san wani sharaɗi ba. Masu magana kuwa ku turo mini su, in sun zo da hujja zan saurare su."

Ba wanda ya je.

Sai dai akwai abin da izinin Liman bai warware ba, shi ne cikin gida. Shekarar da ta gabata fari aka yi, ɗan hatsin da muka taso da shi ya kusa ƙarewa. Gonar da aka ba mu sabuwa ce, Malam kuma ba ya iya riƙe fartanya. Faifan da nake saƙawa su ake kai wa kasuwa a dawo mana da dawa, ga shi saƙa da zayyana duk hasken rana suke so, ba a yin su da fitila. In na kama ɗaya dole in saki ɗaya. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Wata rana na leƙa madafa na tarar da Uwani tana kankare gindin tukunya da yatsa tana lasa, da ta gan ni sai ta ɓoye hannun a baya. Na lura gashinta ya fara ja.

Ana cikin haka Yaya Bala ya iso. Labarin hannun Malam ya kai musu, Inna ta turo shi da masara da busasshiyar kuɓewa. Ya dubi gidan, ya dubi yaran, ya leƙa rumbu, ransa ya ɓaci. Bayan la'asar ya zaunar da mu.

"Gwani, ba faɗa na zo yi ba," in ji shi. "Can wajenmu ruwa ya zauna, masara ta yi. Ka ba ni Saude da yaran nan su je su ci abinci har kaka. In hannunka ya warke ka zo ka ɗauke su."

Ku saurari abin da babanku ya ce, don shi ne abin da ba a taɓa gaya muku ba. Ko jinkiri bai yi ba.

"Gaskiya ka faɗa, Malam Bala. Saude, ki shirya ki bi shi. Akwai mai zayyana a Bebeji, zan kai masa takardun ya ƙarasa."

Na dube shi. Yana maganar yana kallon ƙasa, hannun mai ciwo a kan cinyarsa. Na san in na tafi ba Bebeji zai je ba, bakin tudun nan zai koma, kuma ban tabbata zan dawo in same shi ba. Akwai kuma wani abu da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Ni kaina aikin ya shiga raina. Tun da nake ban taɓa yin abin da in ina yinsa nake mance yunwa ba sai shi.

Na ce, "Yaya, ba zan tafi ba."

Ya ce, "Saboda zane?"

"Saboda gidana. Da zanen ma."

Ya miƙe tsaye yana huci. Ya ce in ni na zaɓi in zauna da yunwa wannan ruwana ne, amma yara ba su zaɓa ba. Sani yana shan nono, ba zai rabu da ni ba, to a ba shi Uwani. Nan Malam ya ɗago kai ya ce a'a, 'yarsa ba za ta je ko'ina ba, ko bara zai yi ya ciyar da ita. Ni ce na ce a ba shi. Na faɗa na maimaita, na kawo masa maganar tukunya da ta gashinta, har Iya ta sa baki ta ce gidan kakarta za ta, ba gidan bare ba. Da safe na wanke ta na yi mata kitso, tana ta murna za ta shiga mota. Malam ya ɗora ta a kafaɗarsa ta hagu ya kai ta har bakin titi. Da ya dawo ya wuce ɗaki ya rufe ƙofa, bai yi mini magana ba sai da aka kwana biyu. Uwani, in kina karanta wannan, ki sani ubanki bai ba da ke ba. Ni na miƙa ki, kuma in da za a mayar da ni ranar, da irin abin da na gani a tukunyar nan, ban san zan yi dabam ba.

Daga nan na ajiye kaba na kama alƙalami. Da zarar rana ta ɗaga sai in yi alwala, mu shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda haske ya fi, shi a hagu yana miƙo takarda yana faɗa mini abin da za a sa, ni ina sawa. Muka fara da ƙananan alamomin aya, ƙwaya uku-uku masu rawaya a ciki. Muka koma da'irorin izu, kuma ya ce mini ba ya son biyu su yi kama, kowace da irin nata cikin. Wata rana ɗigon ja ya faɗo mini a gefen wata takarda da ya rubuta tun a tsohon gari, wadda ba mai iya sake rubuta ta. Na ajiye alƙalami na nuna masa. Ya bari ya bushe, ya sa bakin wuƙa da hagunsa ya kankare a hankali, ya goge wurin da ƙwayar wuri, irin kuɗin da, har ya yi sumul. Ya ce mini shi ma ya sha yi, ba dai ya faɗa ne.

A nan dole in ambaci mutanen da suka riƙe mu, don ba da ƙarfinmu muka kai kaka ba. Iya, da tsufanta da ciwon bayanta, ta karɓi daka da girki da goyon Sani, in na tashi zan taya ta sai ta kore ni. Matan gari da suka ji na daina saƙa suka shiga aiko da abin da ya sawwaƙa, wannan ƙoƙon gero, waccan ɗan daddawa, alhali su ma ba su da shi. Mazan da suka fara koyon kamun kifi a sabon ruwa kan ajiye mana kifi a zaure su tafi ba sallama, har da waɗanda suka yi gunaguni da farko. Samari suka yi mana gayya suka nome gonar. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ina roƙon ku in kun yi mini addu'a ku haɗa da su.

Manyan zayyanan nan huɗu su muka bari ƙarshe. Malam ya zana mini yadda ya saba yi a ƙasa da tsinke, na yi ta Baƙara yadda ya ce. Da muka zo ta A'arafi sai ya goge zanen ƙasan da ƙafa ya ce in yi abin da idona ya ba ni. Na yi murabba'i a cikin murabba'i, na saƙa layukan suna shiga ƙarƙashin juna suna fita, ja da rawaya da ɗan kore a kusurwa. Ya ɗauke ta ya fita da ita haske, ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo ya ce, "Wannan ni ban iya ta ba." Muka gama ana saura kaɗan a ga watan azumi. Gwanaye biyu suka zo daga Tudun Wada suka bi shi daga farko har ƙarshe suna dubawa, baduku ya ɗinka masa gafaka.

Ranar da aka buɗe masallaci mu mata muna bayan katanga a kan tabarmi. Liman ya yi godiya ga Allah, ya fara yabon Malam. Sai na ji muryar babanku ta katse shi.

"Baba, a gafarce ni. Baƙi da wasali nawa ne. Amma duk wata aya da aka rufe a cikin Alƙur'anin nan, da duk zanen da ke ciki, hannun iyalina ne, Saudatu 'yar Malam Isa. A sa ta a addu'a da sunanta."

Liman ya ɗaga murya ya yi mini addu'a, maza suka amsa da amin har katangar tana amsawa. Matan da ke kusa da ni suka juyo suna kallona, na ja mayafi na rufe fuska. Wannan shi ne mutumin da aka ce muku ya ci yabon aikina. Daga baya hannunsa ya ɗan saki, ya koyi ɗaure alƙalami a yatsa da siririyar fata ya ci gaba da rubutu, a hankali, ba kamar da ba. Amma bai sake yin zayyana ba har ya bar duniya. Duk wanda ya kawo aiki sai ya ce masa rubutu nasa ne, ado na cikin gida ne, in bai yarda ba ya kai wani wuri.

Bayan salla da muka yi girbi, muka shiga mota muka nufi Doguwa don mu ɗauko Uwani. Daga inda mota ta ajiye mu muka bi hanyar shanu ta gefen daji har ƙauyen. Yaya Bala ya amsa gaisuwar Malam a daƙile, ni kuwa ko kallona bai yi ba, kuma haka muka zauna da shi shekaru kafin ya huce. Na shiga ɗakin Inna na tarar yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa. Ba wanda ya aiko mana da wannan. Uwani na zaune a jikinta, ta yi ƙiba, gashinta ya koma baƙi wuluk. Na buɗe hannu na kira ta. Ta dube ni, ta dubi Sani a bayana, sai ta zagaya ta ɓuya a bayan Inna ta riƙe mata zane.

Muka kwana a can. Na ga yadda Inna ba ta cin abinci sai yarinyar na gefenta, yadda take laluben kanta in ta farka. Inna ba ta roƙe ni komai ba, har ta sa an ɗaure kayan Uwani a ɗankwali tun kafin in tambaya. Da safe Malam ya ce mu kama hanya, na ja shi gefe na ce masa ba zan iya raba su ba. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Sau biyu ke nan, Saude." Na ce na sani. Can kika girma, Uwani, can kika yi aure, kuma har yau in kin zo gidan nan zaman baƙuwa kike yi. Ban taɓa ganin laifinki ba. Abin da shekarar nan ta ci mini ke nan, kuma na gode wa Allah da Ya raya mini ke, ko da a hannun wata ne.

Da na shiga yi wa Inna sallama na durƙusa a gabanta, sai ta ce, "An ce ke kika yi wa Alƙur'anin garinku ado. Gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, Inna."

"Da wane hannu?"

Na miƙa mata na dama. Ta kama shi da hannayenta biyu, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan kantar da alƙalami ya yi mini. Ta tambayi Uwani wane launi ne a farcena, yarinyar ta leƙo daga bayanta ta duba ta ce ja ne da rawaya. Inna ta yi dariya, ta ɗaga hannun nawa ta ɗora a kan idanunta, ta shafa shi a fuskarta har zuwa ƙirji.

"Ni ba zan gan shi ba," ta ce, "amma na taɓa hannun da ya taɓa shi. Tashi ku tafi kada mota ta wuce ku. Allah Ya yi miki albarka."

Muka fito. Mun kusa fita daga ƙauyen na ji ƙafa a bayanmu, na waiwaya, sai ga Uwani ta biyo mu da gudu. Ta tsaya nesa kaɗan, ta ɗaga hannu ta ce, "Ku gaida Iya." Sannan ta juya ta koma.